Baƙar Feda a Ƙarƙashin Rigar Anko

Abubuwa da yawa na manta a rayuwata, wasu ma da gangan na manta da su. Amma wata Asabar a Kurudu ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko na so.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Ban yi boko ba. 'Yan bindiga ne suka tashe mu daga ƙauyenmu, na shigo Abuja da riga ɗaya a jikina. Na tura kurar ruwa, na yi dako a kasuwar Wuse, na yi gadi. Sau biyu rusau yana cin ɗakin da nake kwana. Duk wannan bai sa na sunkuyar da kai ba. Na faɗa muku ne don ku san ba ƙaramin abu ke ba ni kunya ba.

A ƙarshe na samu aiki wurin Anti Rahila. Mawaƙiya ce 'yar kudancin Kaduna, tana da makaɗanta da ake ɗauka biki da suna da taron coci. Aikina kula da janareta da ɗaukar sifiku. Shekara huɗu ina wannan. A gida, kafin komai ya watse, ina kaɗa gurmi, saboda haka duk lokacin da mai jitarmu Istifanus ya tafi cin abinci sai in ɗauki jitarsa in laɓe bayan mota ina taɓawa. Ranar da ya kama ni bai yi faɗa ba. Ya nuna mini inda ake ɗora yatsu. Bayan wata shida ya ce, "Malam, hannunka na da kyau. Kanka ne ban sani ba." A lokacin na ɗauka yabo ne.

Sai Istifanus ya samu aiki a Sheda, ya tattara nasa ya tafi. Anti ta kira ni.

"Malam, kana tsammani ba na jin ka a bayan mota? Akwai biki Asabar ta sama. Kai za ka kaɗa. In ka yi kyau, kujerar Istifanus taka ce. In ba ka yi ba, janareta na nan, bai je ko'ina ba."

Na ce, "To."

(Ni "to" ɗina mai ɗaukar kaya ne. Na gane, to. Ban gane ba, to. Na ji daɗi har kamar in yi kuka, shi ma to.)

Ku gane abin da kujerar nan take a wurina. Na haura arba'in. Bayana ya fara magana, kuma sifika ba ta rage nauyi don mutum ya manyanta. Tun da na zo garin nan wuyana ake nema da kafaɗata. Wannan ne karo na farko da wani ya nemi yatsuna.

Jitar lantarki ba ta magana ita kaɗai, sai an jona ta da akwatin da ake kira amfilifaya. Na Anti gadon mahaifinta ne, da shi yake kiɗa a coci tun tana yarinya. Nauyinsa kamar buhun siminti, ni na sani, ni ke ɗaukar sa. A bayansa akwai wasu 'yan kwalabe na gilashi kamar ƙwan fitila, in yana aiki sai ka ga cikinsu ya yi ja kamar garwashi. Kowa Dattijo yake ce masa. Istifanus bai taɓa bari na taɓa makunninsa ba. Ni iyakata in sauke shi, in ajiye, in koma wurin injina.

Tsakanin jita da Dattijo kuma akwai abin da ake kira feda. Ɗan akwatin ƙarfe ne da ake ajiyewa a ƙasa, ka taka da ƙafa sautin ya canza, ka sake takawa ya koma yadda yake. Istifanus na da guda biyar a kan katako, kuma da su ya tafi.

Anti ta ce, "Ka je Wuse, shagon Oga Sunday, ka ce ni na aiko ka. Obadaraif za ka karɓo. Ba distoshan ba. Ka ji?"

"To."

Na ji su sarai. Na riƙe su a baki har cikin tasi ina maimaitawa. Abin da suke nufi ne ban sani ba, kuma ban tambaya ba.

Shagon Oga Sunday ɗan tsukuku ne, janareta na ruri ta dama, wani na ruri ta hagu, mai sayar da sifiku a gaba ya ƙure waƙa. Ya fito mini da feda biyu. Ɗaya koriya, ba nauyi, abin murɗawa uku. Ɗaya baƙa, mai nauyi a hannu, abin murɗawa shida, an zana harshen wuta a jikinta. Ya jona mini jita da wani ɗan amfilifaya da bai fi burodi girma ba.

Na taka koriya. Na kaɗa. Na sake takawa. Na kaɗa. Ban ji bambanci ba.

"Oga, wannan ta mutu."

"Bai mutu ba, aboki. Haka yake. Kaɗan-kaɗan yake aiki."

Ya jona baƙar, ya murɗe duka shidan har ƙarshe. Na taka. Ɗan akwatin nan mai kamar burodi ya yi wani ruri da ya danne janaretocin biyu. Mai tallan zoɓo da ke wucewa ta waiwayo. Na ji gashin hannuna ya miƙe.

To ni na sayi rago a rayuwata, na sayi shebur, na raka Anti sayen janareta na hannu. Duk hanya ɗaya ce: ka ɗaga ka ji nauyi, ka tayar ka ji ƙarfi. Ban taɓa jin inda aka ce a zaɓi wanda ba a san yana aiki ba.

"Wannan nake so."

"Madam ya ce obadaraif. Koren ne obadaraif. Wannan distoshan ne, na yaran nan masu baƙin kaya da ke girgiza kai."

"Wacce ta fi ƙarfi?"

"Baƙin."

"To."

"Tsaya, aboki. Wane amfilifaya za ka sa shi? Tsohon nan na Madam, mai kwalba?"

Na ɗaga kai alamar e. Oga Sunday ya dafe goshi. Ya fara yi mini bayani, rabi Hausa rabi Turanci, wai mai kwalba daban yake, wai abin da na ji a nan ba shi zan ji a can ba. Janareta na cinye rabin maganar, ni kuma ragowar rabin ban gane ba. Da ya ga ina kallon sa kawai, sai ya zuba duka biyun a leda.

"Ɗauki biyu, ka gwada a gida. Wanda Madam bai so ba ka kawo mini. Don Allah kar ka sa ya zo ya yi mini ihu a shago."

Gwaji a gidan Anti muke yi, a Kurudu, ƙarƙashin mangwaro, bayan la'asar. Kullum in na iso sai in tarar an riga an kunna komai. Baba Yohanna mai kibod, tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya, shi ke riga kowa zuwa ya jona wayoyi ya kunna kaya. Ni dai in zo in tarar da Dattijo yana jira, in ɗauki jita. (Ku riƙe wannan. Ni ban riƙe ba.)

Na jona koriya da Dattijo, ina jira a ga ta mutu a san ba laifina ba ne. Na taka. Abin mamaki, fedar da ta yi gum a kasuwa sai ga ta da rai. Sautin ya yi kauri, ya ɗan yi kaushi a gefe, kamar muryar mutumin da ya sha kunu mai zafi. In na taɓa a hankali ya fito sumul, in na danna ya ɗan yi gurnani. Anti ta ce, "Yawwa!"

Na ce a raina, ku dai jira ku ji babbar. Na jona baƙa, na taka. Kajin Anti suka watse. Maƙwabciya ta leƙo ta saman katanga. Duk tsirkiyar da na taɓa ƙara ɗaya take bayarwa, ba ka bambance ta sama da ta ƙasa. Anti ta toshe kunne tana yi mini alama da ƙafa in kashe.

Baba Yohanna ya jawo kujera kusa da ni.

"Ƙanena, bari in gaya maka. Dattijon nan miya ce da ta riga ta ji gishiri da daddawa. In ka ɗaga muryarsa, shi da kansa yake yin wannan kaushin mai daɗi. Koriyar ɗan yaji ne a gefen kwano, tura shi kawai take yi. Baƙar kuwa tukunyar miya ce guda, tata daban. Ita sai amfilifaya na zamani, mai salam, wanda ba shi da ɗanɗanon kansa. In ka juye miya a kan miya, me za ka ci?"

"Baba, tsaya. Su biyun nan duk ɓata sauti suke yi?"

"To... kusan haka."

"Da gangan?"

"Da gangan."

"Kuma ɓacin ake so?"

"Shi ake so."

"To wadda ta fi ɓatawa ba ita ta fi ba?"

Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Ka dai taka koriyar."

Shekara huɗu, duk sanda sifika ta yi ƙarar tsagewa sai a juyo a daka mini tsawa, "Malam, waya!" in ruga ina lalube. Yau kuma an ce tsagewar ake nema, har akwai akwati na musamman da ake saya don ita, amma da awo. Awon nawa ne? Ba wanda ya faɗa. Na koma gida kaina ya fi na kasuwa ɗaurewa.

Anti ta ce in mayar da baƙar washegari. Na ce to. Ban mayar ba.

Dalilina biyu, kuma duk ba na kirki ba ne. Na ɗaya, Istifanus feda biyar yake shimfiɗawa a gabansa. Ni in zauna da ƙwaya ɗaya, kamar mai tallan tumatir da tumatir ɗaya a faranti? Na biyu, zuciyata ba ta yarda da koriyar ba. Abin da ya taɓa yi mini shiru a kasuwa zai iya yi mini shiru a fili. Wanda rusau ya taɓa ci ba ya zama ba tare da wani abu a ajiye ba. Na ce in koriya ta gaza, ga baƙa.

Inda zan ɓoye ta kuma sai ga shi ya zo da kansa. Dangin amarya suka aiko wa makaɗa anko, shuɗin yadi mai sheƙi. Tela ya ɗinka mini babbar riga har ƙasa, kamar wani dogo aka auna aka ba ni. In na zauna sai ta baje ta rufe ƙafafuna da duk abin da ke gabansu. Ranar biki na jona koriya, na jona baƙa a bayanta, na saki riga a kansu. Ko Baba Yohanna bai lura ba.

A filin wata makarantar firamare aka yi, lokacin bazara, rana tsaka. Rumfuna jere, jama'a maƙil. Da safe ni da kaina na ɗaure manyan sifiku biyu a kan ƙarafa, na ajiye makirfo a bakin Dattijo don sautinsa ya kai har ƙarshen fili. Janareta kuwa wani aka ɗauko ya kula da shi. Na hango injin can nesa a gindin katanga, na ji kamar mutumin da ya hango tsohuwar unguwarsu daga cikin mota.

Waƙoƙin farko sun tafi lafiya. Na lallaɓa da ƙafa ta ƙarƙashin riga na taka koriya, Dattijo ya amsa. Mata suka fito rawa. Anti ta juyo ta ɗaga mini babban yatsa. Ban yi murmushi ba, ba halina ba ne, amma a cikina har na fara tunanin irin takalmin da ya dace da mai jita.

Babban aikin yana gaba. Bayan jawabin shugaban taro, amarya za ta durƙusa gaban kakarta, wadda ta raine ta tun tana goye, kakar ta ɗora mata hannu a ka ta sa mata albarka. Waƙar wannan wuri da jita kaɗai take farawa, a hankali, sai daga baya Anti ta shigo. Ba ganga, ba kibod, ba inda zan ɓuya. Mun gwada ta ya fi sau goma.

Shugaban taro ya karɓi makirfo. Ya fara daga ranar da ya haɗu da uban ango a makaranta. Aka ci abinci yana magana. Aka kwashe farantai yana magana. Ina zaune sai na ji wani huci yana dukan ƙwaurina. Na kai hannu bayan Dattijo, na janye da sauri. Zafi kamar dutsen guga. Har wani ƙauri-ƙauri yake yi na ƙura da ta gasu.

A nan ilimina ya motsa. Abu ɗaya na sani a duniya da ba mai koya mini: inji in ya yi zafi, a kashe shi ya huta. Haka na raya janaretan Anti shekara huɗu bai taɓa bugawa ba. Yanzu ga gadon ubanta yana neman ƙonewa a hannuna ranar farko. Na waiga neman Baba Yohanna, ya bi layin kaza. Anti na can tana gaisawa da mutane. Na miƙa hannu na kashe Dattijo. Na samo kwali ina yi masa fifita. Har tausayinsa na ji. Na ce ashe haka Istifanus ya yi ta gasa bawan Allah ba hutu, ba wanda ya kula sai ni.

Ya huce sarai. Na taɓa kwalaben, sun yi sanyi, na ji daɗi.

Shugaban taro ya gaji ya zauna. Mai gabatarwa ya ce a yi shiru. Aka kawo kakar, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da sanda, aka zaunar da ita a tsakiyar fili. Amarya ta zo ta durƙusa. Ango na tsaye a gefe. Mai gabatarwa ya sunkuya ya riƙe wa tsohuwa makirfo a baki. Wuri ya yi tsit, har kukan kurciya ake ji. Anti ta dube ni ta ɗaga gira.

Na kunna Dattijo. 'Yar fitilarsa ta kama. Na kaɗa.

Shiru.

Na sake kaɗawa. Ƙarar tsirkiya kawai, irin wadda ni kaɗai ke ji. Na murɗa abin ƙara murya na jikin jita har ƙarshe. Shiru. Anti na murmushi wa jama'a, amma idonta na kaina. Na juya na murɗe na Dattijo, shi ma har ƙarshe. Shiru. Na murɗe na kusa da shi, ban san na mene ne ba. Na murɗe na gaba. Na taka koriya. Shiru. Na ce ai na faɗa, ta gaza, dama na san za ta gaza. Na lalubi baƙar da ƙafa, wadda tun daga shagon Oga Sunday ba a rage mata ko abu ɗaya ba, na taka ta da ƙarfi.

Shiru.

Gumi ya zubo mini har cikin ido. Wuta na nan, fitila na ci, waya na jone. Me ya rage? Na tashi na durƙusa gaban Dattijo, jita a rataye a wuyana tana fuskantar bakinsa, ina girgiza waya ko ita ce ta saki. Tsohuwa ta riga ta ɗora hannu a kan amarya. Ta buɗe baki.

Sai na ji wani gurnani can ƙasa, kamar tirela na tahowa daga nesa.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Ku ɗauka an zuba kyanwoyi a tankin ƙarfe, an rufe, an jefo tankin daga saman bene, kuma bai daina faɗowa ba. Daga bakin Dattijo ya shiga makirfon da na ajiye da hannuna, ya fita ta sifikun da na ɗaure da hannuna. Kurciyoyi suka tashi. Mata suka zabura, ɗaurin kai na zubewa. Kujeru suka kife. Shugaban taro ya shige ƙarƙashin tebur. Ango ya kai bakin ƙofar makaranta kafin ya tuna ya yi aure.

Ni kuwa jikina ya riga kaina yanke shawara. A inda na fito, in ka ji ƙara irin wannan kwanciya ake yi, daga baya a yi tambaya. Na zube rub da ciki. A kan jita. Tsirkiyoyi shida suka gogu da ƙirjina, ƙarar ta ninku. Ina kwance ina leƙen ta ina aka shigo mana. Sai da na ga kowa ni yake nunawa sannan na gane ni ne.

Na yunƙura kan gwiwa ina dukan riga da hannu, ina neman feda. Riga ta naɗe su, ba na ganin fitilar ko ɗaya. Na danna wani abu, ƙarar ta canza launi amma ba ta ragu ba. Na sake dannawa, ta dawo. Ban san wacce na kashe ba, ban san wacce na kunna ba. Na taka bakin riga na sake kifewa.

Baba Yohanna ne ya tako a hankali, cinyar kaza a hannun hagu, ya sa hannun dama ya zare waya daga jikin Dattijo.

Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Ina kwance, riga ta tattare ta koma wuyana, ga baƙar feda a fili, jar fitilarta na ci. Anti ba ni take kallo ba. Fedar take kallo.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba a duk filin: tsohuwa. Hannunta na nan a kan amarya (daga baya na ji amaryar ta so gudu, hannun ne ya danne ta). Mai gabatarwa ya sandare a sunkuye, makirfo na bakinta har yanzu. Ta juyo ta dube ni, muryarta ta fita ta manyan sifiku, a natse.

"Ɗan nan nawa da ke kwance, ya gama? In bai gama ba sai in jira. Ni ba sauri nake ba."

Dariyar ta fara daga rumfar mata, ta zagaye fili. Har waɗanda suka gudu suna dawowa suna yi. Ango ya dawo yana kakkaɓe wando kamar iska ya je sha. Baba ya ajiye kazarsa, ya goge hannu, ya fara waƙar da kibod. Anti ta shiga, tsohuwa ta sa albarka, amarya ta yi kuka kamar yadda aka tsara. Ni na koma kujera na zauna da jitar da ba waya, har aka tashi. Wata gwaggon ango ta kawo mini ruwan leda ta ce, "Sannu, bawan Allah. Dama kana da farfaɗiya ne?"

Kafin magariba muna loda kaya a mota, Anti ta tsaya a gabana.

"Wa ya kashe Dattijo?"

"Ni."

"Don me?"

"Ya yi zafi."

Baba Yohanna ya yi dariya har ta koma tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Ƙanena, zafin nan ai shi ne aikinsa. In kwalaben ba su yi ja ba, ba ya magana. Shi ya sa nake riga ku zuwa. Ka kunna, ka ba shi lokaci ya ɗumama, shi ke nan."

"Lokaci nawa?"

"Ka ƙirga talatin."

Talatin. Na taɓa yin kwana biyu a ɓoye cikin gonar dawa ban yi tari ba. Na yi layin famfo daga asuba har azahar. Ƙirga talatin ne ya gagare ni.

Na ce, "Ba wanda ya faɗa mini."

Anti ta ce, "Me ka taɓa tambaya aka ƙi faɗa maka?"

Ta sunkuya ta ɗauki baƙar feda, ta juya ta a hannu, ta miƙo mini.

"Kashewar na yafe, rashin sani ne, kuma don ka tsare kayan babana ka yi. Wannan kuwa da saninka. Na ce ka mayar, ka ɓoye mini ita a riga. Ba zan iya tsayawa gaban mutane ina waƙa ina tunanin me ke ƙarƙashin mai jitata ba. Ka koma janareta, Malam."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na naɗe hannun riga na je na kwance sifiku.

Bayan sati biyu ta samo wani daga Karu. Ya iya, ba zan ɓoye ba. Shi ke kan kujerar har yau, ni kuma ina gindin katanga da jarkar mai. In an zo waƙar da ke farawa da jita kaɗai, nakan ji yatsuna suna motsi a jikin jarkar. Ba na hana su.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ina amfani da shi. Yanzu in na yi wa matata magana ta yi shiru, ba na maimaitawa, ba na ɗaga murya, ba na neman abin da zan ƙara a kai. Ƙirgawa nake yi a zuci. Yawanci kafin in kai talatin amsar ta iso. Wani lokaci da ƙarfi take zuwa, amma aƙalla ba ni na murɗa ta ba.